Tofi Biyu Daga Baba

Giza, 4 ga Mayu

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da yara. Ya ƙarin haƙurinmu?

Ka tambaya ko na yi kuka. Ban yi ba. Kwana ashirin ke nan da rasuwar Baba, ina cin abinci, ina hawa mikrobas, ƙaramar motar haya ta nan, zuwa jami'a, ina dawowa. Nuha da muke ɗaki ɗaya ta fi ni kuka, alhali ko hotonsa ba ta taɓa gani ba.

Babin ƙarshe na kundina ya tsaya cak. Dakta Samar, mai duba aikina, ta ce in ban miƙa ranar sha biyar ba, tallafin karatuna ya ƙare, sai in dawo hannu rabbana. Babin kan kalma ɗaya ne, inspiration, wato ilhama. Asalinta Latin ne, hura iska cikin abu. A Turanci an fara faɗinta kan abin da Allah ke jefawa a zuciyar bawa, daga baya mawaƙa suka karɓe. Faransawa kuwa har jan numfashi da ita suke kira. Duk na sani kamar sunana, amma in na zauna sai in kalli bango har la'asar.

Ƙanwarka,
Mardiya

Giza, 11 ga Mayu

Yaya Habibu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna?

Akwai abin da na ɓoye maka. Ka tuna kafin kowace jarrabawa Baba kan kira, ya sa in ɗora waya a goshi, ya karanta addu'a ya tofa sau uku, muna yi masa dariya wai tofi ba ya bin waya? Ana gobe zai rasu ya turo mini saƙon murya. Ina ɗakin karatu, na ce sai anjima. Ban buɗe ba sai jiya.

Bai gaishe ni ba, ina jin ƙarfin bai kai ba. Addu'ar ce a hankali. Ya tofa na farko, ya daɗe, ya tofa na biyu. Sai tari, saƙon ya yanke.

Na rubuta shafi shida yau. Har yanzu ban yi kuka ba.

Yaya, kai ne babba yanzu. Saura kwana huɗu. Don Allah ka turo mini na ukun.

Ƙanwarka,
Mardiya