Inna, Ba Shanu Ya Rasa Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gwiwa a ƙasa kamar yadda kika koya mini, da fatan makwancinki yana da sanyi. Dalilin rubuto miki takardar nan shi ne in ba ki labarin saniyarki Gimbiya, da wani bincike da ta jefa ni ciki ban shirya ba.

Tun da kika rasu, Gimbiya ta ƙi tatsuwa. Maraƙinta zai sha, amma da zarar an janye shi an kawo ƙwarya, sai ta ɗauke nonon. Larai, matar Yaya Sale, ta gwada har ta sha shuri a ƙafa. Ranar da na je gida, Yaya Sale ya ce, "Saniyar da ba a tatsa, dusa kawai take cinye mana. In kaka ta yi ba ta sauko ba, kara za ta, a sayar da ita." Maganar ta yi mini ciwo, don ita da maraƙinta kaɗai suka rage daga tsatson shanun da kika zo da su daga rugarku ta bayan Kafur.

A motar komawa Funtua na tuna cewa ban taɓa ganin kin yi tatsa baki rufe ba. Kullum da waƙar nan taki, wadda kika ɗauko daga kaset ɗin Baba.

Kin tuna kaset ɗin? Lokacin da Baba ke jan babbar mota yana kwasar auduga, ya zo da shi. Kika dubi hoton bayansa, kika ga Bature da ƙatuwar malafa, ga doki, ga shanu, nan take kika yanke hukunci: "Ashe Turawa ma suna da Fulaninsu." Akwai waƙa ɗaya da muryar mutumin ke karyewa ta yi sama, kamar makiyayi yana kiran garke. Duk sa'ad da ta zo sai ki ce, "Bawan Allahn nan shanunsa suka mutu, Allah ya mayar masa da alheri." Baba ya yi ta dariya yana tambayar yaushe kika koyi Turanci. Ke kuwa ki ce, "Ni na san kukan wanda ya rasa shanu, ba sai an fassara mini ba."

Kaset ɗin ya daɗe da lalacewa, ni kuma rabin waƙar nake iya tunawa. Sai na shiga nemanta a waya duk lokacin da aka fita tara a makarantar da nake koyarwa. A nan na san sunan kiɗan kantiri ne, wato kiɗan mutanen karkara na kudancin Amurka. Na je neman waƙa ɗaya, Inna, na ɓige da bin dangin kiɗan gida-gida.

Gogen da ke ciki, talakawan Turawa ne suka tsallaka teku da shi daga Ingila da maƙwabtanta, tare da dogayen waƙoƙinsu na ba da labari. Amma wanda ya sa na miƙe tsaye shi ne abin nan mai ƙara ƙyal-ƙyal da suke kira banjo. Asalinsa ƙwarya ce da aka rufe da fata aka ɗaura tsirkiya, kuma bayin da aka kwasa daga yammacin Afirka ne suka fara haɗa shi a can. Na ga hoton na farkon, wallahi ba shi da maraba da gurmin da ake kaɗa wa manoma a wajen gayya. Jikokin bayin nan sun yi ta tsinkar auduga suna rera waƙoƙin baƙin ciki, su ma suka shige cikin kiɗan, haka ma waƙoƙin cocinsu. Da Baba ya san da auduga a ciki, da babu mai zama lafiya a tasha.

Har da wani tsibiri mai nisa a tsakiyar teku, inda aka koyi kwantar da jita a cinya ana goga mata ƙarfe, shi ne sautin nan mai kama da kuka. Karyewar muryar kuwa, an ce makiyayan duwatsun Turai ne ke kiran dabbobinsu da ita. Kin gani ko? Ba ki yi nisa da gaskiya ba. Har yanzu ina mamakin yadda mutanen da ba sa zama kan tabarma ɗaya suka iya zama cikin waƙa ɗaya.

Daga ƙarshe na samo waƙar taki. Na saurare ta da kyau, na yi dariya har da hawaye. Inna, ba shanu ya rasa ba. Matarsa ce ta hau jirgin ƙasa ta tafi ta bar shi. Duk addu'ar da kika yi masa, ta garke kika yi.

Ranar Asabar na tafi gida da murnata, na kunna wa Gimbiya waƙar a kunne. Ta shinshina wayar, ta kau da kai, ta ci gaba da tuƙa. Yaya Sale ya ce, "Malama, ko sai an sa mata caji?"

Ina tsaye ina jin haushi, sai na lura wannan ba waƙarki ba ce. Ta Baturen tana sauri. Ke kin rage mata gudu daidai da tafiyar hannu a kan hantsa, kin zuba mata kalmominki na Fillanci, kina jan ƙarshenta yadda ake kiran shanu a rugarku. Na ajiye wayar, na tsuguna, na jingina goshina da cikinta kamar yadda kike yi, na fara. Kin san muryata, ko a Islamiyya ba a ba ni jan baiti. Gimbiya ta waiwayo ta dube ni, ta daɗe tana duba. Sai na ji ƙarar nono a gindin ƙwarya.

Nonon bai kai rabin ƙwaryar ba. Yaya Sale ya juya mana baya yana gyaran igiyar da babu abin da ya same ta, ya ce in koya wa Larai kafin in tafi. Bai sake ambaton kara ba.

Kin yi kuskure a kan shanun, Inna, amma kunnenki bai yi kuskure a kan kukan ba. Da na kai wurin da murya ke karyewa, ba Gimbiya nake kira ba, ke nake kira.

Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke daga ƙoramun madarar Aljanna, ya haɗa ki da Baba ku ƙarasa musunku.

Taki har kullum,
Autarki, Rabi