Randar Waje

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Na bar aikin jarida a Maradi don in riƙe wa Kawu Mamman kwamfutocin shagonsa na buga takardu, ashe gadin kasuwa na zo yi. Yau na iske kode ɗinmu na shiga intanet rubuce da alli a jikin ƙofa. Wai don kada maƙwabta su yi ta tambaya.

Talata, 8 ga Oktoba

Na canza kode. Kafin la'asar mai shayi ya san sabon.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ɗan Baba direba ya soka kile ɗinsa na USB a babbar kwamfuta, zai kwafi bidiyon biki. Kawu ne ya ba shi kujerata. Ashe kile ɗin yana ɗauke da cutar kwamfuta, yanzu ba fayil ɗin da ke buɗuwa. A ciki har da memuwar ɗin, wato kundin kammala karatu, na Nusaiba, yarinyar garin Safo mai karatun ungozoma, wanda sai ta miƙa shi Litinin za ta fita bana. Na ce ba komai, akwai kwafi a faifan ajiya. Na jawo durowa, wayam. Kawu ya ba Ɗan Baba aro tun satin jiya.

Kawu ya ce, "Zahara'u, mutum ya roƙe ni abu yana gani a gabana, in ce babu?"

Na mayar da durowar. Da na buɗe baki da na yi rashin kunya.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Faifan ya dawo. Babi biyu sun tafi, rawar angwaye ta hau kansu. Nusaiba ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "Yaya, babana ya sayar da wakensa saboda wannan." Gara ma ta zage ni.

Ana gama wannan zan koma Maradi.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Tana karanto rubutun hannunta, ina bugawa. Mun gama. Kawu ya kawo mana soyayyen kifin tafki, ya ajiye, bai zauna ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ta miƙa tun Litinin.

Da safe na tarar Kawu ya fitar da tsohuwar kwamfuta rumfa, ya goge allin ƙofa da hannun rigarsa. Ya ce, "Ko ruwa, randar waje daban, ta ɗaka daban. Gyara musu wannan su sha." Na raba mata layinta, ba ta haɗuwa da namu. Faifan kuma yana jakata.

Mai motar Maradi ya kira. Na ce ya ba wani wurin, wannan satin dai.