Mai Shirin Safe Ba Ta Yi Tafiya Ba

Gwaggona,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Daga gadon asibiti nake rubuto miki. Sikilar ce ta sake tashi, karo na uku kenan bana. Kada hankalinki ya tashi, har na fara faɗa da nas a kan shayi.

Jiya manajan gidan rediyonmu ya zo dubiya da ledar lemo. Bayan dogon kewaye-kewaye ya ce yana tunanin ba wa wani shirina na safe, ni kuma in koma gyaran labarai, tunda masu sauraro sun gaji da jin wai na yi tafiya. Na gaya masa ni ma na gaji. Ranar Litinin zan faɗa musu gaskiya da bakina.

Littafin da nake rubutawa saura babi ɗaya. Da hagu nake rubutu, dama na shan ƙarin ruwa.

Taki,
Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, wasiƙarki ce ta sa min ciwon kai.

Tun rasuwar uwarki nake rufa wannan asiri, ko maƙwabta ban bari sun sani ba, don kada a riƙa kallonki da ido na tausayi. Yanzu za ki shiga rediyo ki sanar wa duniya? In kin faɗa ba ya dawowa. A nan har fahariya nake yi da tafiye-tafiyenki, mai shagon layinmu ya ɗauka kin zaga duniya.

Ki sha ruwa da yawa, ki sa rigar sanyi, ki kama bakinki.

Gwaggonki

*

Gwaggona,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Na faɗa.

Da jar fitilar ɗakin shiri ta kama, injiniya ya ɗago kai ta bayan gilashi. Na ce wa masu sauraro duk tafiyar da aka ce na yi, iyakarta asibiti. Ban rufe baki ba wayoyi suka fara ƙara.

Wani direba ya kira, ya ce 'yarsa mai shekara tara tana da irin ciwona, kuma ita ta matsa masa ya tambayi shekaruna. Na ce talatin da huɗu. Sai na ji ya juya yana ce mata, "Kin ji ko? Talatin da huɗu, kuma aiki take yi."

Manaja ya bar min shirina. Ranar da jiki ya ƙi, za a ɗauki muryata daga gida. Ya kuma ƙara min rabin awa duk Alhamis, ni da likita da iyayen yara. Littafin ma na gama.

Taki mai laifi,
Auta

*

Auta,

Na ji shirin. Na kashe rediyon, na sake kunnawa. Kwana biyu na yi ina fushi, a na uku matar tela ta shigo da ɗanta mai irin ciwonki a goye tana tambayata yadda na yi na raine ki. Ba ta tafi ba sai la'asar.

Likitan nan naku ya san magani, amma bai san raino ba. Ina nan tafe ranar Alhamis. Ki ce wa manaja ya ajiye min kujera mai jingina.

Gwaggonki