Tausar Kyanwar Lailatu

Zuwa ga ƙanena Jibrin, a Bakura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya gona? Ka gaishe mini da mutanen majalisa.

Ni lafiya lau, alhamdu lillahi, sai gwiwa da sanyin Ingila. 'Yata Lailatu da mijinta suna ƙoƙari, amma tun safe suke fita aiki.

Jibrin, ka ji abin takaici. Kyanwarsu ta yi ƙiba har ba ta iya hawa kujera. Likitan dabbobi ya ce a riƙa yi mata tausa da motsa jiki kullum. Wa ke gida? Ni. Ni da na koyar da rabin Bakura karatu, yau nake kaɗa gashin tsuntsu a sanda ina lallashin kyanwa ta yi tsalle! Sannan in murza mata baya tana lumshe ido. Na ce a bar ta da yunwa ta nemi ɓera, Lailatu ta ce, "Haba Baba, ina ɓera a nan?" Ni kuwa tun rasuwar Mairo ba wanda ya matsa mini ƙafa.

Ka aiko mini da man kaɗanya. Kada wannan zance ya kai majalisa.

Jiya Lailatu ta ce za ta ba maƙwabta kyanwar in huta. Na yi mata faɗa sosai. In an tafi da ita, da wa zan yi magana kafin magariba?

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Muhammadu