Tsanin da Baba ya kafa

Yaya Hadiza,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya maigida da yara, ya ƙarin haƙurinmu?

Aikina na jami'a sai na hango tauraron ɗan Adam sau uku da madubin hangen nesa daga bisa soro kafin in lissafa hanyarsa. Biyu na samu, Baba ya rasu. Na ukun ya faɗo ran sadakar uku da magariba, ga madubin na aro, washegari zai koma Yamai.

Gwaggo ta ce, "Ɗiyar mamaci bisa soro? Tauraron zai yi mana gaisuwa?"

Inna ta ce, "Hau. Babanki ya kafa miki tsanin."

Na hau. Tauraron ya wuce kan lokacinsa, bai san makoki ba. Sai da na share ido sannan na auna.

Ki sa Baba a addu'a. Ki gaida su Abdu.

Ƙanwarki,
Rabi