Ɗaya Cikin Huɗu

Litinin, 3 ga Maris
Darasin gadon halitta da 'yan aji uku. Na zuba maɓallai ja da fari a gwangwani, kowa ya rufe ido ya ɗauki biyu. Na ce haka al'umma take idan aure na kan mai uwa da wabi ne: yawan ja da fari ba ya canzawa. Wata ta baya ta ce, "Malam, idan masu ɗauke da sikila suka daina auren juna, za ta ƙare?" Na ce ɓuya kawai za ta yi.

Laraba, 5 ga Maris
Ciwon sikilar ɗana Gwarzo ya tashi, ƙafafu ne wannan karon. Na rufe ƙofar falo, ina da takardun dubawa.

Asabar, 8 ga Maris
Maman Gwarzo na da ciki. Tana wanke kofuna ta faɗa, har da murmushi. Wai tunda ɗaya cikin huɗu ne kuma ya riga ya faɗa kan Gwarzo, ukun da ke tafe lafiyayyu ne. Na ce ciki ba ya tuna na bayansa, kowanne sabuwar caca ce. Ta daɗe tana cuɗa kofi ɗaya. To ƙarya zan yi mata?

Talata, 18 ga Maris
Inna, mahaifiyata, ta zo dubiya. A gaban yaron ta ce wa Maman Gwarzo, "Mu dai danginmu ba a san wannan ruɓaɓɓen jini ba." Matata ta kalle ni. Ta san na sani. Na ci gaba da shan shayina.

Lahadi, 23 ga Maris
Maman Gwarzo ta tafi gidan yayanta da yaron. Gida shiru, aiki na tafiya.

Alhamis, 3 ga Afrilu
Yayanta ya bugo, an kwantar da Gwarzo, ana ƙara masa jini. Inna na zaune a falona, ta ce in bar musu kayansu, in nemi mai lafiya. Na ce, "Inna, sai an haɗa biyu ake samun irinsa. Ɗaya daga wurina ya fito. Ni kuma ko daga Baba, ko daga gare ki." Ta nemi takalmanta, ta kasa saka na hagu. Ban taimaka mata ba.
Gyaran kuskure ne kawai, kamar a aji.
Na ɗauki bargon Gwarzo mai zanen jirgi na tafi, asibitin nan akwai sanyi. A ba mai gadi ya miƙa ma ya isa. Ban dai ba shi ba, na wuce ciki da kaina.