Gwaggo Imbarka Ta Buɗe Akwatinta

Gabis, 9 ga Rajab

Zuwa ga Yayana Marzuƙ,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar girma da kewa, tare da fatan takardar nan ta same ku lafiya, kai da Widad da yara. Allah ya sawwaƙe maka ciwon bayan nan da sanyin Faransa ke tayarwa, ya sa wa nemanka albarka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana zuwa kasuwa da kanta, ta dawo tana faɗa da tsadar kifi.

Yaya, gidan tarihinmu ya buɗe! Ka san shekara uku ke nan ƙungiyarmu ta baƙaƙen fata na unguwa tana gyaran tsohon rumbun dabinon bayan masallaci, don mu tara abin da kakanni suka bari. Abin da ba ka sani ba, ana saura mako guda ni na fid da rai. Jami'in al'adun da aka turo mana mutumin kirki ne, amma a ganinsa tarihinmu bai wuce kiɗa da rawa ba. Ya ce sauran duk labarin baka ne, kuma abin da ba shi da takarda ba zai hau bango ba. Takarda kuwa guda ce tak a unguwar nan: ta 'yanta Zaituna, kakar Kaka Sa'ad, wadda aka ƙetaro da ita hamada tana yarinya. Tana ƙasan akwatin Gwaggo Imbarka. Sau huɗu ina zuwa roƙo. A na ƙarshe ta ce wai ni 'yar boko ce mara kunya, ina so in rataye abin da aka yi shekara ɗari ana rufewa, don masu jifanmu da sunan bayi a titi su samu na dariya. Ta ce in sha shayina in tashi.

Ranar Talata sai ga ta da sandarta, wai ta zo ganin ɓarnar da muke yi. Ta tsaya gaban gangar Kaka Sa'ad, ta nuna 'yar takardar da jami'in ya manna a ƙasa, ta ce in karanta mata. Na so in kauce, ta daka mini tsawa. Na karanta: gangar bayi, ba a san mai ita ba. Yaya, ban taɓa ganin fuskar Gwaggo haka ba. Ta juya ga jami'in ta ce, "Ɗana, ba a san mai ita ba, ko kai ne ba ka tambaya ba? Ubana ne, Sa'ad ɗan Faraj. Da gangar nan ya kai uwarka ɗakin miji, je ka tambaye ta!" Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa. Ta fice ba sallama, ni kuwa na ce shi ke nan, ta tafi har abada.

Washegari da hantsi muka ji hayaniya a ƙofa. Gwaggo ce a gaba, tsofaffin mata tara a bayanta, kowace da ƙunshinta: wannan munduwar ƙafa, wannan dutsen niƙa, wannan hoton mijinta a kwale-kwale. Ta ɗora takardar Zaituna a tafin hannuna, naɗe cikin tsohon ɗankwali, ta ce in na bari ta yage, ita ma za ta yaga ni. Jami'in ya jawo kujera ya zauna a gabansu da biro, yana Hajiya kaza, Hajiya kaza, har la'asar. Yanzu babu abu ɗaya a gidan da ba sunan mai shi a ƙasa.

Ranar buɗewa mutane suka cika har kan titi. Manya sun zo da jawabansu a aljihu, amma Gwaggo ta riga su karɓar lasifika. Ta sa na karanta takardar a bainar jama'a. Da na kai inda alƙali ya rubuta cewa daga yau babu mai iko da Zaituna sai Allah, sai Gwaggo ta ce, "Kunyar ta wanda ya saye ta ce. Mu jikokin wadda ta fita ne." Ta rangaɗa guɗa, mata suka amsa, Kawu Balƙasim ya sauko da gangar daga bango ya buga. Har limamin nan da ba ya murmushi na gani yana share ido. An ci kuskus da naman rago, ba wanda ya tafi da yunwa. Yanzu kowace Alhamis makarantu ke kawo ɗalibai, Gwaggo na zaune a ƙofa tana gyara wa malamai kuskure.

Ga saƙonta gare ka. Ta ce an kafa ƙusa a bango kusa da gangar don hoton Baba da ka tafi da shi. In bai iso ba kafin azumi, za ta rataye naka, wanda aka ɗauke ka kana ɗan shekara biyu, tsirara cikin kwanon wanki, kuma da cikakken sunanka a ƙasa. Yaya, na ga hoton a hannunta. Ka hanzarta.

Umma da Kawu Balƙasim suna gaishe ka. Ka gaida Widad, ka shafa mini kan Anis da Sundus. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Najat